Yadda Muka Bi Sawun Kuɗin Gadar Garinmu, Daga Ƙofar Hakimi Har Kasafin Jiha

Tun da aka kammala gadar garinmu, duk ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya a yankinmu sai a turo min mutanensa, don ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari kuma takardun suna hannuna. Tambayarsu ba ta wuce guda: wa kuka sani a sama? Amsar doguwa ce, ba ta ƙarewa a tsaye bakin kasuwa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta daki-daki. Ba zan ambaci sunan gari ko na wani ma'aikaci ba. Hanyar da muka bi ita ce abin amfani, kuma kusan iri ɗaya ce a dukkan ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato.

Garinmu yana bakin fadamar Rima. Tsakaninmu da titin kwalta akwai rafi da ke bushewa ƙaf da rani, da damina kuwa sai ya cika ya batse. A kansa akwai tsohuwar gada ta bututun kankare guda uku da aka binne da jar ƙasa. Ta nan ake fitar da albasa da shinkafa da tafarnuwa zuwa kasuwa, ta nan kuma ake kai mara lafiya asibiti. A watan Agustan 2022 aka kwana ana ruwa, da gari ya waye gefe guda ya zabtare, ba a jima ba bututu biyu suka kwanta a cikin rafi. Nan take masu kwale-kwale suka kafa fito. Ɗan kabu-kabu sai ya biya kuɗin kansa ya biya na babur, a-kori-kura ta daina shigowa, buhu kuwa sai an sauke shi an tsallaka da shi an sake lodi. Waɗanda suka adana albasa don ta yi tsada da damina su suka fi jin jiki, domin dillali duk wahalar da ya sha a bakin rafi sai ya cire ta daga kuɗin manomi.

Mun fara da ƙofar hakimi. Shi ya tara masu unguwanni da limamai, aka naɗa kwamiti, aka ce in rubuta takardar koke. Ya sa hannu, muka kai wa uban ƙasa, shi ma ya ɗora tasa takardar a kai zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Matasanmu sun ga wannan ɓata lokaci ne, su dai a ɗauki bidiyo a watsa a Facebook. An ɗauka, kuma ya yi nasa amfanin, amma duk ofishin da muka shiga daga baya, abin da ake fara dubawa shi ne ko sarakuna sun san da maganar. A cikin waɗannan kwanaki ne jami'an agajin gaggawa suka zo duba ɓarna, jama'a suka yi ta murna an ɗauka gada ta samu. To, aikin hukumomi irin su SEMA ta jiha da NEMA ta tarayya agaji ne: abinci, tabarmi, kwanon rufi ga wanda ɗakinsa ya faɗi. Ba su gina gada. Amfanin zuwansu a gare mu shi ne gadar ta shiga rahotonsu, kuma na rubuta ranar da suka zo, na riƙa ambatonta a kowace wasiƙa.

A sakatariyar ƙaramar hukuma kansilanmu ya shigar da mu wurin daraktan ayyuka. Dattijo ne, ya karanta takardar har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, hanyag ga, ta wa ta?" Wannan tambayar ita ce ginshiƙin komai. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne. Akwai na tarayya, irin titin Sakkwato zuwa Illela ko wanda ya nufi Gusau, waɗanda ke hannun ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar FERMA mai kula da gyaran titunan tarayya da aka kafa a 2002. Akwai na jiha. Sannan akwai hanyoyin karkara, waɗanda jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina su da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Gada tana bin mai hanya. Idan ka kai koken hanyar karkara ofishin tarayya za a karɓa da ladabi, amma da wuya a samu wanda zai kashe ko kwabo a kanta. Tamu ta karkara ce, wato a takarda nauyin ƙaramar hukuma ne.

Sai kuma ya yi mana lissafin da bai yi mana daɗi ba. A rabon kuɗin asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A lokacin, kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma in an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Daga baya, a ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka wanda zai fara nasa neman yanzu ya tambayi yadda lamarin yake a tasa ƙaramar hukumar kafin ya wuce gaba. Mu dai abu uku muka samu a can: tifofin jar ƙasa da buhuna da muka yi aikin gayya muka haɗa mashigi na wucin gadi bayan ruwa ya ja, da alƙawarin turo injiniya, da wasiƙar da ke cewa aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma kuma tana roƙon jiha ta shigo. Wasiƙar nan ita ce ta buɗe mana ƙofar ma'aikata a Sakkwato. Ba don ita ba da an sake mayar da mu gida.

Kafin injiniya ya zo muka yi wa ƙungiya rajista a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. An nemi kundin dokokin ƙungiya, da sunayen shugabanni da hotunansu, da bayanin taron da aka zaɓe su, da 'yan kuɗin rajista da aka ba mu rasit a kai. Banki kuma ya nemi takardar rajistar da lambobin BVN da NIN na masu sa hannu. Muka sa mutum uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi ke fita.

Injiniyan ya zo wajen ƙarshen Oktoba. Mu muka zuba masa mai, muka ciyar da yaran da suka riƙa masa awo, bai nemi komai bayan wannan ba. Maimakon ya tsaya daga sama ya ɗauki hoto, sai ya tuɓe takalmi ya shiga cikin rafin, ya sa aka tona gindin bututun da ya rage, ya nuna mana kogo a ƙarƙashinsa wanda mutum zai zura hannu har kafaɗa. Ya ce karan dawa da ledoji da rassa ne suka daɗe suna toshe bakin bututun, ruwa ya rasa mafita ya riƙa cin ƙasar ta ƙasa da ta gefe, ruwan Agusta ƙarasawa kawai ya yi. Daga nan ya ce a kira masa mafi tsufa cikin manoman fadamar. Da aka kawo tsohon, ya rusuna ya gaishe shi ya ce, "Baba, a iya saninka, ina ruwa ya taɓa kaiwa a nan?" Tsohon ya ja mu zuwa gindin wata tsamiya, ya ɗora tafin hannu a jikinta daidai ƙirjinsa ya ce, "Nan sunka kai shekarad da gadaj jami'a tak karye. Na bana ba su kai nan ba." Yana nufin ambaliyar Satumban 2010, wadda ta cinye garuruwa a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa cikin gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Injiniya ya buga ƙusa a wurin, ya auna tsayinta daga gindin rafi, kuma da wannan awon ya yi zanensa.

A nan aka yi gardama a gari, kuma duk wanda zai bi wannan hanya zai gamu da irinta: gyara ko sabuwa? Gyara shi ne a mayar da bututun a sake ciko. Kuɗinsa kaɗan, samunsa da sauƙi, kuma mutane sun gaji da fito. Injiniya ya ce zai iya rubuta gyara in mun matsa, amma bututun sun yi wa ruwan wurin ƙanƙanta, damina biyu ko uku za mu sake tsayawa a bakin rafi, kuma gwamnatin da ta kashe kuɗi a wuri ba ta saurin komawa cikinsa. Shawararsa ita ce kwalbati mai kusurwa huɗu, baki uku, a ɗaga hanyar ta fi ƙusar nan tsawo, a yi bangon tare ƙasa a gefe da gefe, a shimfiɗa dutse da siminti inda ruwa ke fita. Hakimi ya goyi bayan sabuwa, aka tsaya a kan haka. Bayan 'yan makonni ya ba mu rahoto mai ɗauke da hotuna, da zane, da lambobin wurin a taswira, da takardar ƙiyasi da suke kira BEME, inda aka jera siminti da rodi da tsakuwa da aikin haƙa da ciko, kowanne da adadinsa da kuɗinsa. Daga ranar maganarmu ta canja. Da muna cewa a taimaka mana ruwa ya ci gada. Yanzu muna cewa ga aiki kaza, a wuri kaza, kuɗinsa kaza.

Da waɗannan takardu muka shiga Sakkwato, ma'aikatar da ke kula da hanyoyin karkara. Komai daga rajista yake farawa. Ka je da kwafi biyu na komai, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan, kuma kada ka bar wurin sai ka san lambar fayil ɗinka. Fayil yana tafiya ne daga tebur zuwa tebur: babban sakatare ya rubuta a kai, ya gangaro wurin darakta, darakta ya tura wa injiniyoyinsa su je su tabbatar da ƙiyasin, sannan ya koma sashen tsare-tsare. Kowane motsi akwai littafin da ake rubuta shi, kuma masinja da akawun rajista sun fi kowa sanin inda ya kwana. Ka gaishe su da mutunci, ka riƙe sunayensu. Zaman benci kam mun sha shi, a ce oga yana taro, a ce ya fita duba aiki. Safiyar tsakiyar mako ta fi, Juma'a kuwa rabin yini ce. Akwai wani ofishi da aka wayi gari ba a ga fayil ɗinmu ba, kuma kwafin nan mai hatimi ne ya sa aka sake buɗe wani a ranar ba tare da mun koma farko ba.

Sai dai mun iso a makare. Daraktan tsare-tsare ya duba takardun ya yaba, sannan ya ce wa shugabanmu, "Alhaji, takarda ta yi kyau, amma an rufe littafin baɗi." Ma'aikatu suna tattara ayyukan shekara mai zuwa ne tun wajen ƙarshen damina, su kare su a ma'aikatar kasafi, gwamna ya gabatar wa majalisa a ƙarshen shekara, a sa hannu a fara aiki da shi daga Janairu. Abin takaici a nan shi ne gada tana karyewa a Agusta, ba a iya auna ta sai ruwa ya ja, kafin rahoto ya fito lokaci ya ƙure. Akwai ƙwarya-ƙwaryar kasafi da amincewar gaggawa ta gwamna, amma galibi manyan hanyoyin da suka tsayar da zirga-zirgar jiha ne ke samun wannan. Ranar ban ji daɗin komawa gida ba. Mutane suna jiran mota a bakin mashigi, ka sauko ka ce musu sai shekarar gaba da baɗi.

A wannan tsakanin ne tsegumi ya fara, wai kwamiti ya cinye kuɗin karo-karo. Ga shi an shiga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kowa a ƙuntace, wanda ya ba da ɗari biyar yana ganin kamar ya ba da gona. Abin da ya kashe wutar shi ne duk ƙarshen wata, bayan an sauko Juma'a, ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit a hannu. Kuɗinmu ba su tafi ko'ina ba sai mota, fotokwafi, wanke hotuna, rajista, man injiniya da abincin tafiya. Miƙa koke a ofishin gwamnati ba a biyan komai. Akwai masu yawo a harabar sakatariya da manyan riguna, su ce sun san wanda zai sa hannu gobe in an ba su na goro. Ba mu ba kowa ba, kuma ban ga wanda ya bayar ya ga gada ba. Lokacin yaƙin neman zaɓe kuma mashiginmu ya zama wurin ɗaukar hoto. Har tifa guda ta tsakuwa wasu suka zo suka juye da kiɗa da kirari. Tsakuwar ta yi amfani, da ita muka toshe ramuka.

Da yake shekarar ta riga ta wuce mu, sai muka ƙwanƙwasa sauran ƙofofi, kuma yana da kyau mutum ya san su ko da bai samu ba. Akwai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma Sakkwato na cikin jihohi 13 da aka fara da su. Suna yin hanyoyi da kwalbatoci da ƙananan gadoji, amma suna zaɓen hanya ne bisa ma'auni da aka tsara tun farko, irin yawan jama'a da amfanin gona da kasuwar da hanyar ke kaiwa. Tamu ba ta cikin jerin lokacin. Sun karɓi bayananmu, kuma tambayoyinsu ne suka sa muka zauna muka tattara ƙauyuka nawa ke bin gadar, da makarantu da asibitin da ke tsallake, da irin lodin da ke fita ranar kasuwa. Wannan shafi guda ya fi duk wani dogon koke tasiri daga baya. Akwai kuma Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981 saboda ambaliya da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Ofishinsa na tarayya yana ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya a Abuja, amma jihohi da ƙananan hukumomi ma suna samun kasonsu, abin da mutanen karkara da yawa ba su sani ba. Sannan akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka saba ware musu naira biliyan 100 a shekara, kuma tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ke bin diddiginsu. In an raba wa sanatoci 109 da wakilai 360, kowa kuma ya raba wa garuruwansa, da wuya kason gari ɗaya ya ɗauki gada sukutum. Mun dai ajiye kwafi a kowane wuri.

Bayan sabuwar gwamnati ta hau a ƙarshen Mayun 2023 aka naɗa sababbin kwamishinoni, sai muka sabunta wasiƙa da lambar tsohon fayil a samanta, don kada a ɗauka sabon koke ne. Wannan karon tun watan Yuli muna ƙofar sashen tsare-tsare. Muka halarci taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi, inda kowa ke tashi ya jero asibiti da makaranta da rijiya da taki. Mu abu ɗaya muka faɗa, muka miƙa shi a rubuce. Haka muka yi da ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu, ɗaya daga cikin 30 da ke zauren. Da ya ce me muke so ya yi mana, shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi muke nema wurinka ba. Ranar da ma'aikata za ta zo kare kasafinta, a tabbata sunan gadarmu yana ciki." Abin lura a nan shi ne yadda ake rubuta layin. In an rubuta gina kwalbatoci a faɗin jiha, kuɗin na kowa ne, kuma mai ƙarfin murya ke ɗauka. In an rubuta sunan hanya da gari da ƙaramar hukuma, to naka ne. Da aka sa hannu a kasafin 2024 aka ɗora shi a intanet, wani ɗalibinmu ya sauke shi a waya, ya yi ta laluben shafuka har ya gano layin. Daren nan an yi shayi har asuba.

Murnar ta yi sauri. Shiga kasafi baiko ne, ɗaurin aure yana gaba. Kasafi ƙiyasi ne na abin da gwamnati ke fatan samu da kashewa, kuma kafin naira ɗaya ta fita sai ma'aikata ta rubuta takardar neman amincewa, gwamna ya amince, ofishin tantance kwangiloli ya duba farashi, a nemi 'yan kwangila su gabatar da tayi, a zaɓi ɗaya, ma'aikatar kuɗi ta saki. Ana cikin haka farashi ya yi tashin gwauron zabi. Cire tallafin mai da faɗuwar naira sun taɓa komai, a watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, mu da ke da masana'anta a Kalambaina ma ba mu tsira ba. Rodi da dizal suka bi sahu. Ƙiyasin 2022 ya zama tarihi, aka sake sabo, kuɗin da ke cikin kasafi suka kasa. Aka kira mu aka ce dole a rage wani abu. Wani ya kawo shawarar a mayar da kwalbatin baki biyu. Injiniya ya ƙi, mu ma muka ƙi, domin in aka rage mafitar ruwa an koma gidan jiya. Abin da aka rage shi ne tsawon cikon hanya ta ɓangarorin biyu, wanda ko mu da gayya muna iya ƙarasawa a hankali. Kafin a gama wannan ja-in-ja damina ta sake sauka, mashigin wucin gadi ya tafi, masu kwale-kwale suka dawo bakin aiki a karo na uku.

An miƙa wa ɗan kwangila wurin aiki bayan kaka. Ranar miƙawa ku halarta da hakimi, ku roƙi kwafin zane, ku karɓi lambar injiniyan da gwamnati ta ɗora a kan aikin, domin shi ne mai ikon cewa a fasa a sake, ba ku ba. Akwai abubuwan da ke kanku tun kafin katafila ta iso. Sai an yi hanyar ratse, kuma tamu ta bi ta gonar wani bawan Allah da ya riga ya dasa albasa, sai da ƙungiya ta biya shi abin da aka sasanta a gaban hakimi. Muka sa wasu magina biyu 'yan gari su riƙa zama a wurin. Ba su yi wa kowa gardama, suna dai ƙirga rodi su gwada da zane, su duba ko yashin yana da laka, su ga buhu nawa ke shiga kowane kwaɓi, in sun ga saɓani su kira injiniya. Bayan an zuba kankare sai ban-ruwa, kuma a iskar hunturun Sakkwato in an yi sakaci kwana biyu sai ya tsattsage. Yaran gari ne suka riƙa jiƙa buhunan da aka lulluɓe shi da su safe da yamma. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma hana direbobi hawa kafin lokacin ya fi komai wuya, sai da aka gicciya itace aka sa 'yan banga.

A tsakiyar aiki ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa, gari ya ɗauka ya gudu. Ba gudu ba ne. Kuɗin kafin alƙalami ne suka ƙare, kuma ba a sake biyansa sai injiniya ya auna abin da aka yi ya rubuta takardar shaida, ita ma ta bi tebura har baitulmali. Da muka gane haka sai muka koma bin wannan takardar maimakon zagin mutum a bayan idonsa. An gama kafin ruwan farko na 2025. Ko bayan gamawa, gwamnati kan riƙe wani ɗan kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci biyar cikin ɗari, har wa'adin gwaji ya cika. Wannan wa'adin naku ne. Bayan manyan ruwan Agusta muka ga ƙasa ta fara zaizayewa a bayan bangon gefe ɗaya, muka ɗauki hoto muka rubuta wa ma'aikata kafin a sallame shi, ya dawo ya cike ya jera dutse.

Wanda zai fara yau, ga abin da zan gaya masa. Kada ka jira gada ta faɗi. Ranar da ka ga tsaga ko rami a gindinta, ranar za ka nemi injiniyan ƙaramar hukuma, domin rahoton da aka rubuta da rani shi ke riskar kasafin baɗi, kuma gyaran tsaga ko kusa bai kai kuɗin sabon gini ba. Ka fara sanin mai hanyar kafin ka rubuta wasiƙar farko. Kada ka je ko'ina ba adadin kuɗi a hannunka, kuma in ƙiyasin ya shekara a sabunta shi. Mutum biyu ko uku su riƙe bin fayil daga farko har ƙarshe, domin ma'aikata fuska suke ganewa, tawagar mutum ashirin kuwa kuɗin mota kawai take ci. Duk takardar da ta fita daga hannunka ka bar kwafinta a gida. In ka nemi bayani a hukumar tarayya aka yi shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Kula da gadar bayan an gama ba ya cikin kasafin kowa, don haka ya dawo kanmu. Hakimi ya hana zuba kara da shara a rafin, kuma an tsayar da cewa duk watan Mayu za a yi gayyar yashe bakunan kwalbatin kafin ruwa ya sauka. Matsalar da ke gabanmu yanzu ita ce masu tifa da suka gano hanya ta gyaru, suna ɗibar yashi dab da gindin gadar suna kuma haye ta da lodin da ya wuce kima. Mun auna tazarar da injiniya ya ce kada a haƙa a cikinta mun kafa turaku, takardar neman a hana su kuma tana gaban uban ƙasa.